An ce ƙaya ce a diddigena: a cire ta ko a bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 49, ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Garwa. Tun da na dawo daga aikin Hajji diddigen ƙafata ta dama yake ciwo, yau wata biyar ke nan. Da asuba in na sauko daga gado sai na dafa bango, kamar na taka ƙusa. In na ɗan zazzaga sai ya lafa, da yamma ya dawo. Na yi hoto, an ce ƙaya ce ta fito a ƙashin. Na sha diklofenak har na gaji. Wasu sun ce allura, wasu sun ce aiki, maƙwabciyata kuma ta ce in je wanzami ya yi mini sakiya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya sa an yi karɓaɓɓiya. Ni kine ne, kamar yadda ake kiranmu a nan, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, kuma da wuya mako ya wuce ban ga mai irin kukanki ba. Bayan dawowar alhazai kuwa abin har ya fi haka. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: kada ki yarda a yanka, kada ki kai ƙafarki wurin sakiya, allura kuma ki dakata da ita tukuna. Ƙayar da kika gani a hoto tana nan, ba ƙarya aka yi miki ba, amma mafi yawan lokaci ba ita ke sukar mutum ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Sai kin san yadda ginin ƙafa yake za ki gane dalili. Daga idon sawu zuwa ƙasa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33 a kowace ƙafa. Ƙafa biyu ƙasusuwa 52 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 206 da ke jikin baligi. Ba a shimfiɗe suke kamar jerin bulo ba, a lanƙwashe suke kamar baka. Ƙarshe ɗaya ƙashin diddige, ɗaya ƙarshen tushen yatsu, tsakiya kuma a ɗage, shi ne kwarin nan da ba ya fitowa a sawu idan kika taka siminti da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Baka kuwa ba ya aiki sai da tsirkiya. Tsirkiyar ƙafa wata jijiya ce fara, mai faɗi da kauri, da ta taso daga ƙasan ƙashin diddige, ta bi tafin ƙafa, ta rabu biyar ta kama tushen yatsu. Duk lokacin da kika tsaya nauyinki yana danne bakan yana son ya baje shi, tsirkiya ce ke hanawa.

Ki taɓa ta da hannunki yanzu. Ki zauna, ki ɗora ƙafar dama a kan gwiwar hagu, ki kama babbar yatsa ki tanƙwaro ta sama wajen ƙwauri. Da ɗaya hannun ki shafa tafin ƙafar, za ki ji wani abu ya miƙe tsaf kamar igiyar shanya, kwarin ƙafar kuma ya ƙara zurfi. Ki bi igiyar nan da babban yatsan hannu har inda ta kama diddige, ta gefen ciki, ki danna. Idan nan ne kika ce wash, to ciwonki a tushen tsirkiya yake. A takardar asibiti za ki ga an rubuta masa fasciite plantaire. Wannan ɗaurewa da tsirkiya ke yi idan yatsu sun tanƙwaru, wani likitan ƙashi na Ingila mai suna Hicks ne ya yi bayaninta a 1954, ya kwatanta ta da igiyar da ake naɗewa a jikin ƙarfe mai juyawa don jawo kaya. Hikimar ita ce ƙafa aiki biyu take yi a taku ɗaya. Lokacin da diddige ya sauka, sai ta saki jiki ta yi laushi don ta shanye duka ta kuma bi yanayin ƙasa, ko yashi ne ko tsakuwa. Lokacin da diddige ya ɗaga za ki tura jiki gaba, yatsu sun tanƙwaru, tsirkiya ta ɗaure, sai ƙafar ta zama kamar sanda. Laushi, tauri, laushi, tauri, sau dubbai a wuni. A tafiya, ƙarfin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya ya ɗan ɗara nauyin jiki duka, a gudu kuma yakan kai ninki biyu zuwa uku.

To yanzu ki tuna abin da ƙafar nan ta gani a Makka. Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ba takalmi, a kan marmara. Ga ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura mutum hawa na sama zagayen yakan ninninka. Ga zuwa jifa daga Mina da dawowa kwana uku a jere, cikin silifas. Ga kai-komo tsakanin masauki da Harami sau biyar a rana. Macen da a Garwa daga ƙofar gida klando, wato babur ɗin haya, ke ɗaukarta ya sauke ta a bakin kasuwa, cikin mako uku ta yi tafiyar da ba ta yi ba a shekara. Jijiya tana iya sabawa da kaya, amma a hankali take sabawa, ta fi tsoka nawa sosai. Idan aka jibga mata farat ɗaya sai zarenta ya fara sassaɓulewa a inda ya kama ƙashi. Da kin dawo kin huta da watakila ya warke da kansa. Sai kika dawo kika tarar da 'yan sannu da zuwa, daga nan kika koma rumfa kina tsaye a kan siminti kina warware atamfa kina ninkewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ciwon asubar nan ma yana da dalili, kuma shi ne babbar shaidar da muke kamawa. Da dare ƙafa takan saki ta sunkuya, tsirkiya ta tattare, jiki ya fara ɗinkin wurin a tattare. Takunki na farko sai ya fizge ɗinkin. Bayan 'yan mintuna jijiyar ta ɗumama ta miƙe, ciwo ya lafa, ki ɗauka ya tafi. Haka zai yi miki in kin daɗe zaune a rumfa sannan kika miƙe don mai saye. Da yamma kuma gajiyar wuni ce ke dawo da shi. Da aka duba irin wannan jijiya a madubin awo, abin da aka fi gani lalacewar zare ne da kaurara, ba kumburi irin na sabon rauni ba. Shi ya sa diklofenak, wanda maganin kumburi ne, yake rufe miki baki na 'yan awoyi amma wata biyar bai warkar da ke ba.

Ita kuwa ƙaya, sunan ne ya cuce mu. A Faransanci ana ce mata épine, ma'aikacin hoto ya fassara miki da ƙaya, ke kuma kina jin suka, sai lissafi ya haɗu. Ki ɗauko hoton ki ɗaga shi a haske. Za ki ga ɗan tsinin ba ƙasa yake kallo ba, a kwance yake yana kallon yatsu. Ƙashi ne da jiki ya ƙara a hankali cikin shekaru, saboda ja da danniyar da wurin ke sha, kamar yadda kanta ke fitowa a hannun manomi. Ba a wata biyar ya tsiro ba, da shi kika hau jirgi. Mutane da yawa, musamman waɗanda suka manyanta, suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, sai an yi hoto don wani dalili a gan shi. Sau da dama in na sa an ɗauki ɗaya ƙafar mai lafiya sai a ga nata ya fi tsawo. Kuma waɗanda suka warke sarai, in aka sake hoto ƙayar tana nan inda take.

Akwai wani mai laifi da ba ya fitowa a hoto, shi ne agara da sharaɓa. Agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum, ta kama ƙashin diddige ta baya, tsirkiya ta kama shi ta ƙasa, ƙashin yana tsakaninsu ana ja-in-ja da shi. Idan naman sharaɓa ya ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasawa yadda ya kamata, diddige ya riƙa ɗagawa da wuri, kayan ya koma kan tsirkiya. Ki gwada: ki fuskanci bango, yatsunki su bar tazarar faɗin tafin hannu, wajen santimita 10, ki tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba. Ki gwada dama, ki gwada hagu. In ta dama ta kasa, kin ga inda aiki yake.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba na kwana uku ba ne.

Tun kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa da asuba, ki zauna a bakin gado ki yi irin tanƙwarawar da na nuna miki, amma da yatsun duka biyar. Ki ja su sama har ki ji igiyar ta miƙe, ki ƙirga goma a hankali, ki saki. Sau goma. Minti biyu ne, ba zai sa ki rasa salla ba. Ki maimaita da rana da kuma dare, da duk lokacin da za ki miƙe bayan dogon zama. Takalminki ya kwana a bakin gado, ki zura shi kafin ki tsaya, ko bayan gida kada ki je ƙafa ba komai a kan tayil. Sannan sharaɓa: ki dafa bango, ƙafar dama a baya, gwiwarta a miƙe, diddige a ƙasa, ki karkata gaba har ki ji ja a bayan ƙwauri, ki tsaya daƙiƙa 30. Ki sake da gwiwar a ɗan lanƙwashe, don tsoka biyu ce a wurin, kowace da yadda ake kamo ta. Sau uku-uku, safe da yamma.

Bayan mako biyu, in sukar ta ɗan sassauta, sai a shiga ƙarfafawa, wadda ni a wurina ita ce ke hana ciwo dawowa. Ki tsaya a dokin ƙofa ko kan bulo, gaban ƙafa a kai, diddige a iska. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashin yatsu don su ɗaga. Ki dafa bango. Ki ɗaga diddige a hankali kina ƙirga uku, ki tsaya a sama ki ƙirga biyu, ki sauko kina ƙirga uku. Da ƙafa biyu za ki fara, in kin ji ƙarfi ki koma ɗaya. Sau goma sha biyu, ki huta, har zagaye uku, rana ɗaya ki yi rana ɗaya ki bari. Ɗan ciwo lokacin yi ba laifi ba ne. Ma'auninmu shi ne asubar gobe: in ta fi ta jiya zafi, kin wuce gona da iri, ki rage. A Danmak aka gwada wannan tsari, aka ga waɗanda suka bi shi sun fi samun sauƙi a wata uku, ko da yake bayan shekara su da masu miƙa jijiya kawai sun zo daidai. Ni nakan haɗa biyun.

Sai takalmi, kuma a nan nake samun gardama da mata. Silifas ɗin roba da ake tsokana da suna san-konfiyans, wato marar amana, ya ci sunansa. Falan ɗaya ne, ba ya riƙe diddige, yatsu sai sun damƙe shi a kowane taku don kada ya fita, cikin wata guda kuma wurin diddigen ya lotse ya zama kamar takarda. Ba na cewa ki sa kambas da leshi ki tafi biki. Amma a rumfa, inda kike awa takwas ko tara, ki sa abin da zai taimake ki. In kin je saye, ki kama takalmin hannu biyu ki lanƙwasa: ya kamata ya lanƙwashe a wurin yatsu kaɗai, in ya naɗe a tsakiya ki ajiye. Ki murɗa shi kamar kina matse wanki, kada ya murɗu da sauƙi. Bayansa ya ɗara gabansa tudu da kamar santimita biyu, don hakan na sassauta wa agara. In fade ne, ya kasance mai maɗauri ta bayan diddige. Da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Gwanjo ba laifi, amma ki juya ƙasansa ki duba, in ya cinye ta gefe ɗaya to tafiyar mai shi na farko za ki gada. Baduku ma yana iya ƙara miki tudu da shimfiɗa mai laushi a fade mai kyau, dukawan garin Marwa sun iya wannan aiki in aka kwatanta musu. A famasi akwai ɗan matashin diddige na roba mai laushi da kuma shimfiɗar cikin takalmi mai tallafar kwarin ƙafa. Kada wani ya tsorata ki cewa sai wadda aka auna aka ƙera miki da tsada; a irin ciwonki gwaje-gwaje sun nuna ta kanti tana yin kusan aiki ɗaya.

A rumfa ki shimfiɗa darduma mai kauri ko kwali ninki biyu inda kika fi tsayawa. Ki sami kujera mai ɗan tsawo ki riƙa ciniki a zaune, yarinya ta riƙa sauko da kaya. In kin dawo gida ki mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa na minti goma. Ba ta warkarwa, tana dai kwantar da zafin yamma. Salla ba ta ɓata komai, sujada ma tanƙwara yatsu ce irin wadda nake sa ki yi. Doguwar tsayuwar nafila ce za ki rage, ko ki yi ta a zaune kafin ƙafa ta dawo. Maganar nauyi kuma, ki yi haƙuri Hajiya, dole in taɓo ta. Ƙiba na cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan ciwo ga wanda ba ɗan wasa ba, kuma kowane kilo da kika sauke ƙafa za ta ji a kowane taku. Shayi mai sukari sau huɗu a rumfa da makala da safe, nan za a fara dubawa.

Diklofenak ki ajiye shi haka. Wata biyar ya yi yawa ƙwarai. Yana cin ciki har ya kai ga gyambo, yana ɗaga hawan jini, yana taɓa ƙoda, balle a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ake haura digiri 40, mutum ya wuni yana gumi bai sha ruwa sosai ba. In ciwo ya matsa, farasitamol ya isa, ko diklofenak ɗin na shafawa. Haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda da sunan maganin sanyin ƙashi ki nisance shi, galibi ba a rasa deksametazon ko taramol a ciki, ranar farko za ki ji kamar an cire ciwon da hannu, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau. Allurar da ake yi a diddige ma dangin deksametazon ce. Tana aiki, amma sauƙinta na makonni ne, wajen wata guda. In aka maimaita ta tana iya narkar da kitsen da ke ƙarƙashin diddige, wato matashin da aka halicce ki da shi, wanda in ya tafi ba ya dawowa, ko ta raunana tsirkiyar har ta tsinke. Nakan yarda da guda ɗaya, a hannun likitan da ya san wurin, ga wanda ya yi wata uku yana motsa jiki da gaske ciwo ya hana shi taka ƙasa. Aiki kuwa sai an shekara ana fama komai ya ƙi, kuma kaɗan ne ke kaiwa can. Ko an yi, tsirkiyar ake ɗan sassautawa, wanda ke iya sa kwarin ƙafa ya sauka. Sakiya da tsaga ba su da abin fitarwa a nan, ba mugunya ba ce, ba mataccen jini ba ne. Ciwo ne za a buɗe a fatar da ke taka ƙura da kashin dabbobi, garin neman gira a rasa ido.

Nawa ne lokacin? Sauƙin farko tsakanin mako huɗu zuwa shida, kuma da asuba za ki fara ganinsa: takun da kike dafa bango zai ragu daga ashirin zuwa biyar. Warkewa sosai watanni ne. Wajen mutum takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa cikin shekara ba tare da wuƙa ba. Waɗanda nake gani suna daɗewa su ne masu yin mako biyu su ji dama su koma silifas.

Duk wannan na gina shi ne a kan yadda kika kwatanta ciwon, kuma kwatancin ya yi daidai. Amma ba kowane ciwon ƙafa ne tsirkiya ba. In a tsakiyar diddige yake kamar an buge ki da dutse, yana ƙaruwa da tsayuwa ba da takun farko ba, kitsen diddige ne ya yi siriri, maganinsa laushi. In kin matse diddigen ta gefe da gefe da tafin hannu biyu kika ji zafi, ana zargin tsagewar ƙashi, wadda sau da yawa ba ta fitowa a hoto sai bayan mako biyu ko uku. Irinta ce ke kama sababbin sojoji a dogayen ƙasusuwan gaban ƙafa. In a bayan idon sawu ta ciki ne, ga kumburi, kwarin ƙafa yana sauka, kin kasa ɗaga diddige a kan ƙafa ɗaya, wata jijiya ce daban mai riƙe bakan ta sama, tana yawan kama mata masu jiki bayan shekara 40, kuma ba ta son jinkiri. Babbar yatsa ta kumbura cikin dare ta yi ja, ko mayafi ba ta son ya taɓa ta, wannan gawut ne, ya fi kama maza masu yawan nama da kayan ciki da giya, da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ciwon bayan diddige a kan agara, musamman ga wanda ya sha sifuro, wato siprofuloksasin da ake saye barkatai da sunan taifod, a tsaya a ga likita, don maganin yana iya raunana agara har ta tsinke, balle ga tsofaffi. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai ƙwallo da ke ɗingishi da diddige, wurin girman ƙashi ne ke ciwo, hutu da takalmi sun isa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙafar da ba ta ciwo. Kafin ki fara komai ki je a auna miki suga da safe ba ki ci komai ba. In ya kai giram 1.26 a lita, aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Yana kashe jijiyoyin ji tun daga yatsu, mutum ya fara da jin zafi-zafi kamar barkono da dare, ko kamar yana tafiya a kan auduga, daga baya ya daina jin komai. Wani dattijo da aka taɓa kawo mini, ya je Juma'a cikin watan Afrilu, masallaci ya cika, ya cire takalmi ya taka simintin waje zuwa inda zai shimfiɗa darduma. Bai ji komai ba. Ya dawo gida ya ci abinci ya kishingiɗa, sai jikarsa ce ta ce, Kaka, mene ne wannan a ƙafarka? Tafin duka biyu sun yi bororo kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Ya ce ai ba ya zafi, aka shafa man kaɗanya aka bari. Bayan kwana goma warin ne ya kawo su asibiti, yatsu biyu suka tafi. A asibiti da wani ɗan zaren roba mai dannawa da nauyin giram 10 muke gwada wannan ji, minti biyu ne. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, da madubi in bai iya sunkuyawa, ya zura hannu cikin takalmi kafin ya sa, ya gwada ruwan ɗumi da gwiwar hannu, kada ya kusanta ƙafa da kaskon wuta lokacin hunturu, kada reza ta taɓa kantarsa. Ku mata kuma lalle yana ɓoye ja da baƙin da muke nema, in za a duba ƙafa a bari ya goge.

Ƙaya ta gaske ma tana da nata. A yankinmu na Sahel, daga jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru zuwa Cadi har Sudan, akwai cutar da ake kira maisetoma, wadda ƙwayarta ke cikin ƙasa, ta shiga ta sukar ƙayar bagaruwa ko farar ƙaya. Kumburi ne mai tauri marar zafi da ke girma cikin watanni ko shekaru, daga baya ya huhhuje yana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare kamar tsabar gero. Manoma da makiyaya ta fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Mutanenmu sukan ce an taka sammu ne, a yi ta yawon magani har ta ci ƙashi. In kin ga irin wannan a ƙafar wani na ƙauye, ki tura shi asibiti tun tana ƙarama.

Kaushi da faso, tunda hunturu ba ya barin kowa: alwala sau biyar da busasshiyar iska suna tsotse man fata. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ki goge da dutsen kaushi a hankali, ki shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar tana da danshi, ki sa safa. Tsakanin yatsu kuwa ba a sa mai, tsanewa ake yi bayan kowace alwala, don danshin wurin ne ke kawo cin ruwa. Faso mai zurfi yana sa mutum ya riƙa noƙe taku, wannan kaɗai ya isa ya ƙara wa tsirkiya kaya.

Ki ba abin mako shida. In asuba ba ta canja ba ko kaɗan, ko ciwon ya fara tashinki daga barci, ko kika ga kumburi da ja da zazzaɓi, ko yatsu suka fara mutuwa, ki je asibiti a duba da hannu, ki nemi a haɗa ki da kine. Ki tafi da hoton da sakamakon suga, ki kuma sa silifas ɗin da kike zuwa kasuwa da shi a leda ki tafi da shi, kada ki ji kunyar tsufansa. Inda ya cinye da inda ya lotse shi muke fara dubawa kafin mu ɗaga hoton a haske.